Gizo-gizon Kurmin Rairayi da Shingen Giwaye

A ƙarshen damina, sa'ad da dawa ta fitar da kai, ciyawa kuma ta kai ƙugu, wanda ya riga kowa fita gona shi yakan kwashi yanar gizo-gizo da fuskarsa. Yakan tsaya, ya share fuska, ya yi tsaki, ya wuce. Ba safai yakan waiwaya ya dubi abin da ya rushe ba. Darasinmu na wannan fitowa yana roƙon iyaye da yara su waiwaya. Za mu yi nazarin wani gizo-gizo da ke zaune nesa da mu, a kudu maso gabashin Afirka, wanda masana suka shaida cewa a cikin dukan masu saƙa yana babu wanda aka sani ya kai shi girma. Duk da girman nan nasa, sai a shekarar 2009 aka raɗa masa suna, waɗanda suka raɗa masa sunan kuwa sun yi haka suna fargabar kada ya ƙare a duniya.

Masaƙin faifai

Kafin mu kai ga shi kansa, ya kamata mu san gidan da ya fito. Yara da yawa suna lissafta gizo-gizo cikin ƙwari, amma masana sun ware shi dabam. Ƙuda da fara da zuma ƙafafu shida gare su, jikinsu kuma kashi uku ne. Gizo-gizo ƙafafunsa takwas, jikinsa kashi biyu, ba shi da fiffike, danginsa na kusa kuwa su ne kunama da kaska. A shekarar 2022 kundin da ake lissafa ire-iren gizo-gizo na duniya, wanda ake kula da shi a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, ya cika iri 50,000, ana kuma ƙara ɗaruruwa kowace shekara. Ba dukansu ke saƙa tarko ba. Waɗansu farauta suke yi da gudu, waɗansu da tsalle, waɗansu kuma rami suke haƙawa su yi kwanto. Waɗanda muke magana a kansu su ne masu saƙa yana zagayayyiya, wadda za mu kira saƙar faifai, gama ta yi kama da faifan da iyayenmu mata suke rufe ƙwarya da shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yadda ake wannan saƙa ba zai ƙara yi mata kallon datti ba. Macen ita ce babbar masaƙiya. Abu na fari da takan yi shi ne gada. Takan hau reshe, ta ɗaga bayanta, ta saki siririn zare, iska ta ɗauke shi har ya maƙale a wani reshe can gefe. In ta ja ta ji ya kama, sai ta bi ta kansa, ta je ta dawo tana ƙara masa kauri. Daga tsakiyar wani zare da ta sassauta a ƙarƙashin gadar takan sauko ta ɗaure a ƙasa, siffar ta zama kamar gwafa. Inda zaren nan uku suka haɗu, nan ne cibiya. Bayan ta kewaye wurin da zaren iyaka, sai ta miƙa waɗansu daga cibiya zuwa baki, kamar wayoyin ƙafar keke. Sa'an nan ta fara naɗi daga tsakiya zuwa waje, daidai yadda mai ɗinkin faifai take yi, amma wannan naɗi busasshe ne, matakala ce kawai da za ta taka. Aiki na ƙarshe shi ne naɗi mai danƙo, shi kuwa daga waje take faro shi ta nufo ciki. Wannan ne tarkon.

Kowane sashi na aikin da irin zarensa. A cikin cikinta akwai ƙananan jakunkuna, har iri bakwai a waɗansu, kowace tana haɗa nata ruwan, wanda yakan zama zare sa'ad da aka jawo shi waje. Akwai mai ƙarfi domin gada, akwai mai miƙewa domin tarko, akwai na ɗaure abin da aka kama, akwai na naɗe ƙwai. Yara sukan tambaya, me ya hana ita kanta maƙalewa? Takan bi ta kan busasshen zare galibi, ƙafafunta kuma suna da gashi da wani irin maiƙo da ke hana danƙon kama ta. Ko da yake idanunta takwas, ba ta gani sosai. Da ƙafafunta take jin girgizar zare, ta haka take rarrabe ƙuda da ganyen da iska ta jefo. In yanar ta tsufa, da yawa daga cikinsu sukan cinye ta, jikinsu ya mai da ita sabon zare.

A cikin masu saƙar faifai akwai wani gida da ake kira masu zaren zinariya, domin zarensu yakan yi ƙyalli rawaya in rana ta haska shi. Su ne manya a cikin dangin. Cibiyar yanarsu ba ta zama a tsakiya, takan matsa sama, ba sa kuma cire busasshen naɗin nan bayan sun gama. Maimakon su rushe yanar su sāke sabuwa kowace rana, sukan gyara sashi sashi, ta daɗe a wuri ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka raɗa wa sunan ƙasar Senegal, yana zaune a Afirka ta Yamma, saboda haka mai karatu da ya taɓa ganin babbar yana mai ruwan zinariya tsakanin itatuwa biyu a bakin rafi, wataƙila ɗan'uwan wanda muke nazari ne ya gani.

Abin da aka samu a cikin kwalba

A shekarar 1978 wani ya kama wata babbar macen gizo-gizo a Sodwana, a gaɓar tekun Indiya, cikin lardin da yanzu ake kira KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu. Aka sa ta cikin kwalba da ruwan hana ruɓa, aka rubuta wuri da shekara, aka ajiye a wata cibiyar bincike a birnin Piritoriya. Nan ta zauna shekara 22. A shekarar 2000 wani matashin masani daga ƙasar Sulobeniya, Matjaz Kuntner, yana duba kwalaben wurin, sai ya ci karo da ita. Ya san masu zaren zinariya sarai, amma wannan ba ta yi daidai da ko ɗaya cikin waɗanda aka bayyana ba.

Akwai dalilin da ya sa bai yi gaggawar shela ba. Tun daga shekarar 1767, sa'ad da aka bayyana na farko a wannan gida, masana sun raɗa sunaye wajen 150, amma da aka tace, aka ga iri 15 ne kaɗai na gaskiya, sauran maimaici ne. Na ƙarshe da ya tabbata an bayyana shi tun 1879. Dabba mai girma haka, mai saƙa yana a fili inda kowa zai gani, yaya za ta ɓoye wa masana fiye da shekara ɗari? Kuntner da abokin aikinsa Jonathan Coddington, na gidan adana tarihin halittu na Smithsonian a Washinton, suka tafi Afirka ta Kudu neman mai rai. Suka je, suka sāke komawa, ba su samu ba. Suka fara tunanin ko dai wannan mace haihuwar gauraye ce tsakanin iri biyu, ko kuwa irinta ya riga ya ƙare.

A shekarar 2003 aka sami ta biyu, ita ma a cikin kwalba, a gidan tarihin halittu na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya. Takardar da ke jikin kwalbar ta nuna daga tsibirin Madagaska aka kawo ta. Wannan ya raunana zancen gauraye, amma bai kawar da tsoron ƙarewa ba, gama masanan sun bincika samfuri fiye da 2,500 daga gidajen adana halittu 37, ba su ƙara samun wata ba. Sai daga baya waɗansu masana 'yan Afirka ta Kudu suka kama mata biyu da namiji ɗaya a Gandun Giwaye na Tembe, kusa da iyakar Mozambik. Da wannan aka tabbata tana nan da rai. A watan Oktoba na 2009 Kuntner da Coddington suka wallafa bayaninta, suka kira ta Nephila komaci, domin tunawa da Andrej Komac, aminin Kuntner, wanda ya rasu a hatsari a kwanakin da ake wannan bincike. A shekarar 2019, da aka sāke tsara zuriyar gidan, aka mai da sunan Trichonephila komaci. Mu dai komaci za mu riƙa ce mata.

A nan akwai abin lura ga 'yan makaranta. Wanda ya kama ta a 1978 bai san abin da ya kama ba. Abin da ya yi daidai shi ne ya rubuta wuri da lokaci, ya ajiye a inda ba za ta lalace ba. Da ya jefa ta cikin kwalba ba rubutu, da babu wanda zai san inda za a fara nema.

Uwar gida da ɗan ƙaramin miji

Jikin macen komaci ya kai kusan santimita 4, in kuma ta miƙe ƙafafu, faɗinta santimita 10 zuwa 12 ne, wato za ta rufe tafin hannun babban mutum. Masanan sun ƙiyasta yanarta za ta wuce mita ɗaya a faɗi. Namijin kuwa, sai an jera wajen biyar irinsa kafin su kai tsawonta. A tatsuniyoyinmu Gizo ne mai gida, Ƙoƙi tana biye da shi. A wannan gida al'amarin ya juye. A cikin masu zaren zinariya, namiji da ya balaga yakan bar saƙa, ya tafi neman yanar mace, ya raɓe a gefe, yana cin ragowar abin da ta kama, yana jiran lokacin da zai kusace ta ba tare da ta mai da shi abinci ba. Sau da yawa akan ga maza biyu ko uku a yana ɗaya. Akan kuma ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin gizo-gizo masu ƙyallin azurfa, waɗanda ba dangi ba ne, 'yan cin arziki ne kawai da ke satar ƙananan ƙwari daga tarkon.

An daɗe ana muhawara ko mazan ne suka ƙanƙance ko matan ne suka ƙasaita. Binciken Kuntner da Coddington ya goyi bayan na biyun: girman maza bai sāke sosai ba a cikin zuriyar, matan ne suka yi ta ƙaruwa. Dalilin da aka fi yarda da shi mai sauƙi ne. Babbar mace takan ɗauki ƙwai da yawa. Amma girma yana da tsada. Gizo-gizo ba ya girma sai ya yi saɓa kamar maciji, macen kuwa sai ta yi saɓa sau da yawa, cikin watanni, kafin ta kai haihuwa. A dukan wannan lokaci tana bukatar itatuwa masu ƙarfi da za ta ɗaure gada, da sarari tsakaninsu inda ƙwari ke wucewa, da wurin da wuta ba za ta bi ta kai ba. Shi ya sa ba a iya zancen kiyaye ta ba tare da zancen kurminta ba.

Kurmin da ya tsiro a kan rairayi

Yankin da Tembe take ana kiransa Maputaland. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta rairayi, daga arewacin KwaZulu-Natal zuwa kudancin Mozambik. A zamanin dā teku ta rufe wurin, da ta janye ta bar tuddan rairayi jere daga arewa zuwa kudu. A bisa waɗannan tsofaffin tuddai ne wani irin kurmi ya tsiro, wanda babu irinsa a ko'ina sai a wannan yanki. A Mozambik ana ce masa Likuwati. Mu za mu ce kurmin rairayi.

Wanda ya saba da kurmin kudancin Nijeriya, mai laima da dogayen itatuwa, zai yi mamakin wannan. Busasshen kurmi ne. Ruwan sama ba shi da yawa, wanda ya sauko ma rairayi yakan shanye nan da nan, saboda haka raɓa da hazon safiya suna da muhimmanci ga itatuwan. Waɗansu wurare itatuwan gajeru ne, kamar mita 5, cunkushe da juna, waɗansu wurare kuma sukan kai mita 15 ko fiye. Gansakuka tana lilo daga rassa kamar gemun tsoho. A ƙasa kuwa ciyawa kaɗan ce ƙwarai, sai busasshen ganye a kan farin rairayi. Kurmin bai haɗu wuri ɗaya ba, gungu gungu yake, kamar tsibirai a cikin fili, bakinsa kuma a yanke yake sarai, mutum zai iya tsayawa ƙafa ɗaya a ciyawa, ɗaya a inuwa. A ciki ne wata 'yar ƙaramar dabba mai kama da gada, wadda ake kira suni, take zaune, nauyinta wajen kilo 5 ne, tare da waɗansu tsuntsaye da tsire-tsire da ba a samunsu a waje da yankin.

Rauninsa shi ne, in ya tafi da wuya ya dawo. Masana da yawa suna ɗaukarsa saura ne na wani zamani da yanayin wurin ya bambanta da na yau. Itatuwansa a hankali suke girma, 'ya'yansu kuma ba safai suke tsiro su kama ba. Inda aka sare shi aka yi gona, bayan an bar gonar, abin da yakan fito jeji ne na ƙaya da ciyawa irin na ko'ina. Rashin ciyawa a ƙarƙashinsa shi ne kāriyarsa daga gobarar daji, gama wuta takan zo bakinsa ta rasa abin ci ta mutu. Amma da zarar an buɗe rufin ganye, rana ta shiga, ciyawa takan biyo, wuta kuma ta biyo ciyawa.

Sauran masu zaren zinariya ba su da zaɓe. Akan gan su a lambu, a shingen gida, har a tsakanin wayoyin lantarki. Komaci kuwa, duk da neman da aka yi, a lokacin da aka bayyana ta wurin da aka tabbatar tana raye shi ne kurmin rairayi na Tembe. Wannan ne ya tsorata masanan.

Shingen da ya ceta, shi ne kuma ya matsa

Gandun Tembe ba domin gizo-gizo aka kafa shi ba. An kafa shi a shekarar 1983 a ƙasar jama'ar Tembe, da yardar sarkinsu, domin giwayen da suka saura a yankin, domin kuma a raba su da gonakin mutane. Faɗinsa murabba'in kilomita 300 ne, wato bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na Yankari ba. Giwayen nan tun dā sukan yi yawo tsakanin nan da kudancin Mozambik, suna bin ruwa da abinci bisa ga lokacin shekara. Amma daga 1977 zuwa 1992 Mozambik tana cikin yaƙin basasa. Ana harbin giwaye domin nama da haure, waɗansu suna dawowa da raunin harsashi da na tarko. A shekarar 1989 aka ja shinge a iyakar arewa, aka rufe hanyar. A 1991 aka buɗe gandun ga masu ziyara. Hukumar kula da namun daji ta lardin ce ke tafiyar da shi, ƙasar kuwa ta jama'ar Tembe ce, waɗansunsu kuma suna samun abinci ta wurin aikin baƙi.

Shingen ya yi aikinsa. Giwayen suka tsira, suka hayayyafa har suka haura 200, gandun ya yi suna saboda manyan giwaye masu dogon haure. Ba tare da an nufa ba, shingen ya kuma tsare gatari da garma daga ɗaya cikin manyan gungun kurmin rairayi da suka rage a Afirka ta Kudu. Mai yiwuwa ne da ba domin giwa ba, da ba a sami komaci da rai a wurin ba.

Amma giwa babba takan ci ganye da ɓawo da saiwa kilo 150 ko fiye a rana, ba kuma a hankali take ci ba. Takan karya reshe, ta ɓare itace, ta ture wanda ya tsare mata hanya. Sa'ad da giwaye suke da hanyar tafiya, sukan ci su wuce, wurin ya huta kafin su komo. Da aka rufe su a wuri ɗaya shekara da shekaru, suka riƙa ratsa kurmin rairayi, suna buɗe hanyoyi, suna faɗaɗa su. A bayansu kuma ga nyala, wata dabba mai kama da mazo, wadda ta yi yawa a gandun, tana bin hanyoyin nan tana cinye 'yan itatuwan da suka tsiro. Giwa tana rage manya daga sama, nyala tana hana ƙanana tasowa daga ƙasa. A wani gandu mai zaman kansa da ake kira Phinda, a cikin yankin, an kewaye sashin kurmin rairayi da waya domin a hana giwaye shiga, aka kuma ware waɗansu filaye da aka hana nyala ma, domin a gwada. Sakamakon ya nuna dabbobin nan biyu suna sāke kamannin kurmin da yadda yake sabunta kansa.

Ga fa matsalar da masu kula da gandun suke fuskanta, ba kuwa mai sauƙi ba ce. Giwa ita ce ke kawo baƙi, baƙi su ne ke kawo kuɗin da ake biyan masu gadi. Babu mai hawa jirgi daga Turai domin ya ga gizo-gizo. Kashe giwaye domin a rage su abu ne da jama'a da yawa ba za su yarda da shi ba, kwashe su zuwa wani wuri kuma yana da tsada, wuraren da za su karɓa ma ba su da yawa. Abin da aka zaɓa a Tembe shi ne yi wa giwaye mata allurar hana ɗaukar ciki, wadda ake harba musu daga nesa. Wannan yana rage haihuwa, amma giwa takan yi shekara 60, saboda haka bakunan da ke ci yau za su daɗe suna ci.

Magani mai dorewa shi ne a mayar wa giwaye hanyarsu ta dā. A shekarar 2000 Afirka ta Kudu da Mozambik da Suwazilan, wadda yanzu ake kira Eswatini, suka sa hannu a yarjejeniyar haɗa gandayen dajinsu na kan iyaka a ƙarƙashin sunan Lubombo. A 2011 Mozambik ta keɓe wani zirin ƙasa a gefen kogin Futi, domin ya haɗa gandunta na kusa da Maputo da iyakar Tembe. Manufar ita ce wata rana a ɗage shingen. Sai dai ɗage shinge ba aikin rana ɗaya ba ne, gama akwai mafarautan haure da na ƙahon karkanda, akwai kuma ƙauyuka da gonaki a kusa. Duk manomin da giwa ta taɓa kwana a gonarsa ya san abin da ake nufi, kuma a ganina duk shirin da bai lissafta da wannan manomi ba, a takarda zai tsaya.

A wajen shinge kuwa damuwar dabam ce. A gefen Mozambik ana sare kurmin Likuwati ana ƙona gawayi domin kasuwar birnin Maputo, masu yin haka kuma galibi talakawa ne da ba su da wata sana'a. Wannan labari ba baƙo ba ne gare mu, mu da muke ganin buhunan gawayi jere a bakin kowace babbar hanya. A Madagaska, inda kwalba ta biyu ta fito, bincike ya nuna tsibirin ya rasa wajen kashi 44 cikin 100 na kurminsa tsakanin 1953 da 2014.

Ina ruwanmu da gizo-gizo?

Tambaya ce ta gaskiya, kada iyaye su tsawata wa yaron da ya yi ta. A shekarar 2017 masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, suka ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya duka suna cin abinci tan miliyan 400 zuwa 800 a shekara, mafi yawansa ƙwari. Dukan nama da kifin da 'yan adam ke ci a shekara, a lissafin wancan lokaci, wajen tan miliyan 400 ne. A cikin ƙwarin nan akwai masu ɓata amfanin gona da masu ɗauke da cuta. Ma'aikaci ne da ba ya neman lada. Masu zaren zinariya kuma, duk da girmansu, ba su da haɗari ga mutum. Ba sa cizo sai an matse su, cizon ma bai cika wuce zafi da ɗan kumburi ba.

Akwai kuma zaren kansa. In aka gwada nauyi da nauyi, zaren gada na gizo-gizo ya fi ƙarfe ƙarfi, ga shi yana miƙewa kafin ya tsinke. A ƙarshen ƙarni na 19 wani fada Bafaranshe da ke aiki a Madagaska, Paul Camboué, ya gwada hanyar jawo zare daga masu zaren zinariya ba tare da an kashe su ba, har aka kai kayan da aka saƙa da irin zaren baje koli a birnin Faris a 1900. Bayan fiye da shekara ɗari, Simon Peers da Nicholas Godley suka farfaɗo da aikin a tsibirin. Mutane wajen 80 suka yi shekara huɗu suna kamo matan gizo-gizo da safe, a jawo zarensu, a sake su. An taɓa gizo-gizo fiye da miliyan ɗaya kafin a sami zane guda, mai tsawon mita 3 da 'yan kai, wanda aka nuna a Niyu Yok a 2009. A 2012 aka nuna wata alkyabba ta irin wannan zare a Landan. Ba a rina su ba, launin zinariyar nasu ne. Ba komaci aka yi amfani da ita ba, 'yar'uwarta ce da ta fi yawa. Ba a kuma iya kiwonsu kamar tsutsar siliki, domin in aka tara su wuri ɗaya sukan cinye juna.

Duk da haka, a cikin ire-iren gizo-gizo fiye da 50,000, 'yan ɗaruruwa ne kaɗai aka auna matsayinsu a jerin halittun da ke cikin haɗari na duniya. Giwa tana da masu ƙirga ta daga jirgin sama. Gizo-gizo sai wanda ya sunkuya. Afirka ta Kudu ta yi abin koyi a nan: tun 1997 ta fara ƙidayar gizo-gizo da danginsu ta ƙasa baki ɗaya, a ƙarƙashin jagorancin masaniya Ansie Dippenaar-Schoeman, da taimakon ɗalibai da ma'aikatan gandun daji da mutanen gari masu aiko da hotuna. An lissafta iri fiye da 2,000 a ƙasar, fiye da rabinsu kuma ba a samunsu a wata ƙasa.

Aikin gida domin iyali

Lokaci mafi kyau shi ne da sassafe, kafin rana ta shanye raɓa, gama ɗigon raɓa yakan fito da kowane zare fili. A nemi yana a shinge, ko tsakanin karan dawa, ko a gindin mangwaro. Kada a taɓa mai yanar. Yaro ɗaya ya ƙirga zaren da suka fito daga cibiya zuwa baki, wani ya auna faɗin yanar da taƙi ko da ma'auni, wani ya duba ko cibiyar a tsakiya take ko ta matsa sama. A ɗauki siririn tsinke a taɓa zaren da ya miƙe daga cibiya, sa'an nan a taɓa na naɗi, a ga wanne ne yake kamawa. A duba gefen yanar da kyau ko akwai ɗan ƙaramin namiji a raɓe. Wanda ya fi iya rubutu ya rubuta rana, da wuri, da irin itacen da aka ɗaure gadar, wanda ya iya zane ya zana. Bayan kwana uku a koma wurin da takardar a hannu, a ga ko tana nan, ko ta gyara wani sashi, ko kuwa ta ƙaura.